Ramin da ke kan ƙanƙarar tafkin Chebarkul: dutse ne ko makami?

Baban Ikram: Salamu alaikum 'yan uwa. Wani ya turo mini hoton nan, na kasa wuce shi. Fili ne fari fat iya ganinka, ashe tafki ne da ruwansa ya daskare, a tsakiya ga rami zagayayye da baƙin ruwa a ciki, mutane sun tsaya a bakinsa sanye da manyan rigunan sanyi. An rubuta wai tafkin Chebarkul ne a Rasha, dutse ne ya faɗo daga sama ya huda ƙanƙarar a 2013. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an ce ƙarfin fashewar dutsen ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau 30. To in haka ne, ya aka yi ɗan ramin nan kaɗai ya bari? Masana a taimaka.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Baban Ikram ai ka ba kanka amsa. Abin da ya ninka Hiroshima sau 30 ya faɗa tafki, da ruwan da kifin da garin da ke gefe duk sai an neme su an rasa. Makami suke gwadawa ya kuɓuce musu, suka ce a ce dutse ne. Ko a can Rashar akwai babban ɗan siyasa da ya fito ya ce Amurka ce ke gwajin makami.

Dakta na Kazan: Alhaji, Vladimir Zhirinovsky kake nufi. Ya faɗa kam, amma ko 'yan ƙasarsa sun san shi da irin waɗannan kalamai, kuma bai kawo wata hujja ba. Abin ya faru ranar Juma'a 15 ga Fabrairu 2013, wajen ƙarfe 9:20 na safe agogon Chelyabinsk, babban birnin yankin da tafkin yake, lokacin mu a gida ko kiran assalatu ba a yi ba. Direbobin Rasha da yawa na maƙala kyamara a gilashin gaban mota saboda rigimar hatsari da kamfanonin inshora, shi ya sa aka ɗauki abin daga wurare barkatai, garuruwa daban-daban, mutanen da ba su san juna ba. Da waɗannan bidiyoyi masana daga ƙasashe da dama suka lissafa hanyar da ya biyo da gudun da yake yi, kusan kilomita 19 a daƙiƙa ɗaya. Babu makami mai linzami da ke wannan gudun.

Ɗan Kwari: Dakta, ban ce ba a ga haske ba. Ramin nake magana.

Malamar Kimiyya: Baban Ikram, tambayarka tana da kyau, kuma inda aka ruɗe shi ne an haɗa abu biyu wuri guda. Abin da ya fashe daban, abin da ya huda ƙanƙara daban.

Dutsen da ya shigo faɗinsa ya kai mita 18 zuwa 20, nauyinsa sama da tan 10,000. Bai iso ƙasa a haka ba. Duk wanda ya taɓa fitar da hannu ta tagar mota a hanyar Kano zuwa Kaduna ya san yadda iska ke tura tafin hannu baya, alhali motar ba ta wuce kilomita 120 a awa ba. To wannan yana cin kilomita 19 ne kafin ka ƙifta ido sau biyu. Iskar da ke gabansa ba ta samun damar kaucewa, sai ta dunƙule ta yi zafi ta danne shi. Shi kuma dutsen dama da tsofaffin tsaguwa a cikinsa. Yana kaiwa wajen kilomita 30 daga ƙasa sai ya kasa jurewa, ya tarwatse. A can sama aka saki ƙarfin nan da ake kwatantawa da Hiroshima, kilotan 400 zuwa 500, wato kamar fashewar tan dubu 400 zuwa 500 na nakiyar TNT. Mafi yawan dutsen ya ƙone, ya zama ƙura da hayaƙi, shi ne dogon farin layin nan da ya tsaya a sama. Abin da ya iso ƙasa bai kai kashi 1 cikin 1000 na nauyinsa na asali ba.

Cikin abin da ya tsira akwai gutsure babba guda, wanda ya ci gaba da tafiya yamma, iska na rage masa gudu, har hasken ya mutu. Lokacin da ya iso kan tafkin gudunsa ya dawo kimanin mita 225 a daƙiƙa, bai ma kai gudun sauti ba. Dutse ne mai rabin tan da ɗoriya ya faɗo kan ƙanƙara mai kaurin santimita 70, ya fasa ta ya shige. Rami mai faɗin mita 6 zuwa 8 shi ne daidai aikinsa.

Baban Ikram: Allah Ya saka da alheri Malama. Wato narkar da ƙanƙarar ya yi da zafinsa?

Malamar Kimiyya: A'a, fasa ta ya yi. Mutane na zaton dutsen sama na isowa jajawur da wuta, ba haka ba ne. Ƙunar ta 'yan daƙiƙu ce, saman jikin dutsen kawai take narkarwa, ta bar wani siririn baƙin ɓawo. Cikinsa yana nan da sanyin sararin samaniya.

Masuncin Yawuri: Ni fa ku tsaya, ba dutsen ne ya dame ni ba. Ruwa ya daskare har mutum ya taka ya yi tafiya a kai? Kifin fa, ina suke zuwa? Mu nan in sanyi ya yi tsanani kifi ƙasa yake komawa, amma ban taɓa jin ruwan da ya rufe ruf ba kuma a ce da rai a ciki.

Dakta na Kazan: Kawu, har mota ake hawa da ita in ƙanƙarar ta yi kauri. Kuma su ake yi a kai. Za ka ga dattijo ya fito da sassafe yana jan kayansa, ya zaɓi wuri, ya ɗauko wani dogon ƙarfe mai murɗe-murɗe ya yi ta juyawa da hannu har ya huda ƙanƙarar, ramin bai fi taƙi ɗaya ba. Sai ya kwashe gutsattsarin da ludayi mai huji, ya zauna kan akwatinsa, ya zura ƙugiya da wata 'yar guntuwar sanda. Kifin da ya kama in ya ajiye a gefe nan take yake sandarewa, ba ya buƙatar banda. Irin waɗannan masunta ne ma suka fara ba da labarin ramin na Chebarkul.

Malamar Kimiyya: Kawu, sirrin yana cikin halin ruwan daɗi. Ya fi nauyi in sanyinsa ya kai digiri 4, sai ya nutse ƙasa. Wanda ya fi haka sanyi ya fi sauƙi, sai ya tsaya a sama ya daskare. Ƙanƙarar kuma ta zama rufi, ta hana sanyin waje ratsawa. Don haka tafki daga sama yake daskarewa, ƙasansa ruwa ne, kifi na nan suna rayuwarsu a hankali har bazara.

Masuncin Yawuri: Ikon Allah. To in haka ne su da ke huda ƙanƙara kullum, me zai hana su haƙa babba su ce daga sama ne?

Ɗan Kwari: Yauwa Kawu! Kuma na karanta cewa washegari gwamnati ta tura masu nutso suka shiga, suka fito suka ce ba su ga komai ba. Sai bayan wata takwas aka ce wai an samu. Wata takwas ai ya isa a kawo dutse daga ko'ina a jefa.

Malamar Kimiyya: Gaskiya ne Alhaji, masu nutson farko ba su samu komai ba, har wasu jami'ai suka fara shakkar ramin. Amma a tambayi Kawu yadda ƙasan tafki yake. Chebarkul ba shi da zurfi sosai, inda ya fi zurfi wajen mita 12 ne, sai dai ƙasansa taɓo ne mai kauri. Dutse mai wannan nauyi ba zai zauna a saman taɓo yana jiran mai nutso ba, lumewa zai yi. Ga duhu ƙarƙashin ƙanƙara, da ka motsa hannu laka ta turnuƙe.

Amma hujja ba ta jira wata takwas ba. Cikin kwana biyu masana daga Jami'ar Tarayya ta Ural, ƙarƙashin Viktor Grokhovsky, sun tsinci ƙananan baƙaƙen tsakuwa 53 a kan ƙanƙarar da ke kewaye da ramin. Da aka duba su a ɗakin bincike sai aka ga nau'in dutsen sama ne da ake kira kondirait, mai ɗauke da ƙarfe kusan kashi 10 cikin 100, da wasu ƙananan ƙwallaye a cikinsa waɗanda ba a samun su a duwatsun duniyarmu. Shekarunsa kusan biliyan 4.5. Sannan a ƙauyukan da ke ƙarƙashin hanyar da ya bi, yara da manya sun yi ta bin ƙananan huji a dusar ƙanƙara suna tono irin waɗannan tsakuwa. Duk iri ɗaya ne da na bakin ramin, kuma iri ɗaya ne da babban da aka ciro daga baya. Akwai ma kyamarar tsaro ta wani gida a bakin tafkin da ta ɗauki lokacin da ƙurar ƙanƙara ta tashi daga wurin.

Masuncin Yawuri: Maganar taɓo kam haka take. Anga ta taɓa lume mana, mutum huɗu muka kasa cirowa sai igiyar muka yanke.

Dakta na Kazan: Ciro shi ɗin ma kallo ne. Ranar 16 ga Oktoba 2013, bayan an daɗe ana lalube da na'urori ana zuƙe taɓo, aka naɗe shi, aka ɗora kan farantin ƙarfe aka ja shi zuwa gaɓa, 'yan jarida na ɗauka kai tsaye. Wajen ɗaga shi ya rabe gida uku. Aka ɗora kan sikeli, ya nuna kilo 570, sai sikelin ya lalace. Daga baya aka ba da jimillar nauyinsa a kilo 654. Babban ɓangaren yana gidan tarihi na birnin Chelyabinsk cikin gilashi, kowa na iya zuwa ya gani.

Ɗan Kwari: Sikelin da ya karye ana tsaka da awo, mu a kasuwa ba ma rufe ciniki da shi 😂

Uwar Biyu: Alhaji kai dai ba ka rasa ta cewa. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai mutanen da suka ji rauni ne. Kusan 1,500 suka je asibiti, kuma dutsen bai faɗo kan ko mutum ɗaya ba, ba a kuma rasa rai ba. Yawancinsu gilashin taga ne ya yayyanke su. Sun ga haske ya cika ɗaki, wanda a ƙololuwarsa ya fi na rana, kowa ya taso ya leƙa taga yana kallon hayaƙin. Shiru, ba ƙara. Sai bayan minti biyu zuwa uku bugun iskar ya iso ya farfasa tagogi a fuskokinsu. Gine-gine sama da 7,000 suka lalace, ga shi tsakiyar hunturu, gida ba taga a wannan sanyi.

Akwai wata malamar firamare, Yulia Karbysheva, da ta ga hasken ba ta san ko mene ne ba, ta ce wa yara 44 kowa ya shige ƙarƙashin tebur. Ita ta tsaya a tsaye, gilashi ya yanke ta sosai, yaran ko ƙwarzane. Ni malamar makaranta ce, wallahi na san da a ajinmu ne da ni zan fara kai kaina taga.

Baban Ikram: Me ya jinkirta ƙarar har haka?

Malamar Kimiyya: Nisa. Haske nan take yake isowa, sauti kuwa daƙiƙa uku yake ci kafin ya yi kilomita ɗaya. Abu ya fashe kilomita 30 a sama, kuma ba a saitin kanka ba, ka lissafa. Bugun ya yi ƙarfin da tashoshin da ke sauraron gwajin makaman nukiliya a faɗin duniya suka ji shi, har wadda ke Antatika.

Alaramma: Don Allah a ba ni dama. Na ga wasu a wani zaure suna cewa wannan shi ne jifan shaiɗanu da Alƙur'ani ya ambata, wasu kuma suna musu har da zage-zage. Nassi ya tabbatar da shihabi, mun yi imani. Amma mu nuna wani dutse takamaimai mu ce wannan an jefi shaiɗan kaza da shi, wannan gaibu ne, ba mu da ilimin sa. Su kuma masana suna bayanin sababi ne, nauyi da gudu da iska. Ban ga abin faɗa a nan ba.

Admin: Mun gode Alaramma. A bar wannan ɓangaren a nan don Allah, kada zaren ya koma wani abu.

Uwar Biyu: Malama, gatarin aradu fa? Kakarmu tana da ɗaya a ƙasan adaka, baƙi sumul mai kaifi a gefe guda, ta ce tsawa ce ta jefo shi.

Malamar Kimiyya: Yaya, wannan hannun mutum ne ya wasa shi. Gatarin mutanen da can ne kafin a san ƙira, ruwan sama ke wanke ƙasa ya fito da shi, sai a danganta shi da tsawar daren jiya. Tsawa ba ta jefo dutse. Amma a adana shi, kayan tarihi ne.

Ɗan Kwari: To saura tambaya ɗaya, kuma ita ce babba. Na tuna a ranar ana ta sanarwa cewa wani dutse zai wuce kusa da duniya. Ya aka yi suka ga wancan ba su ga wannan ba? Ko dai shi ne ya karkato suka ɓoye?

Dakta na Kazan: Wancan shi ne 2012 DA14, an gano shi tun shekara guda kafin nan, kuma ya wuce lafiya bayan kimanin awa 16, a nisan kilomita 27,700. Masu kallon taurari a ƙasashe da yawa sun bi shi da na'urorinsu a daren. Hanyarsa daga kudu zuwa arewa take, na Chelyabinsk kuwa daga gabas ya ɓullo, ta ɓangaren da rana ke fitowa. Na'urar hangen nesa da ke ƙasa da dare take aiki, ba ta ganin ƙaramin abu baƙi da ke tahowa daga cikin hasken rana. Haɗuwar ranar ce kawai.

Malamar Kimiyya: Kuma ana ganowa wani lokaci. Na farko da aka hango tun kafin ya faɗo a Sudan ya sauka, Oktoba 2008. Ƙarami ne, mita kaɗan, an gan shi ƙasa da kwana guda kafin isowarsa, aka faɗi wuri da lokaci, haka kuma aka yi. Daga baya ɗaliban Jami'ar Khartum suka jera sahu a hamadar Nubiya suka tsinto gutsattsarinsa.

Ɗan Kwari: Na ji. Amma ni dai har yanzu ban ga dalilin da zai bar duk faɗin ƙasar Rasha ya zaɓi tafki ba.

Dakta na Kazan: Alhaji yankin ne cike da tafkuna, ko'ina ka juya ruwa. Kuma da a daji ya faɗa cikin dusar ƙanƙara, wataƙila da har yau ana nema. Farar ƙanƙarar ce ta nuna wurin ƙarara.

Hajiya ta Kumasi: Ina ta karantawa ina jin daɗi. Mu nan namu ya sha bamban, dutsen ne ya haƙa tafkin da kansa. Bosumtwi, bai fi kilomita 30 daga Kumasi ba. Masana sun ce sama da shekara miliyan ɗaya da ta wuce wani ƙaton dutse ya faɗo ya bar rami mai faɗin kilomita 10 da rabi, ruwan sama ya cika shi. Tsaunuka sun kewaye shi, babu kogin da ke fita daga ciki. Kawu na Yawuri, masuntan wurin a al'adarsu ba sa shiga da kwalekwale, kan wani falankin katako suke zama suna tuƙi da hannu.

Masuncin Yawuri: Falanki, Hajiya? Da taru da komai? Wannan sai na gani da idona.

Malamar Kimiyya: Misalin Hajiya shi ne amsar tambayar farko ta ɗaya gefen. Na Bosumtwi ya yi girman da iska ba ta iya tare shi ba, ya iso ƙasa da gudunsa. Na Chelyabinsk iska ta ci ƙarfinsa tun a sama. Tsakaninsu akwai na Tunguska a Siberiya, 30 ga Yuni 1908, shi ma a sama ya fashe amma ya kwantar da daji sama da murabba'in kilomita 2,000.

Ɗan Faskari: Kuna ta Rasha da Gana, ga namu a gida ba wanda ya ambata. Zagami, nan ƙasar Faskari a jihar Katsina. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi yana korar hankaki a gonarsa ya ji ƙara, dutse ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake, ya lume a ƙasa. Kilo 18. Aka kai shi Kaduna wurin hukumar binciken ma'adinai. Daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars ya fito, saboda iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976. Yau duk mai nazarin Mars a duniya ya san sunan Zagami, ana sayar da yankakkunsa gram-gram a Turai da Amurka. Ka zo garin ka tambayi ɗan sakandare, da wuya ka samu wanda aka taɓa koya masa.

Baban Ikram: Wallahi ni ɗan Funtuwa ne, yau na fara ji.

Ɗan Agadas: Ku naku ma an san inda ya bi. Namu na Mars da aka tsinta a yankin Agadas a Nuwamba 2023, kusan kilo 25, sai ganin sa muka yi ana gwanjonsa a kamfanin gwanjo na Sotheby's a New York a Yulin 2025, sama da dala miliyan 5. Gwamnatin Nijar ta ce za ta binciki yadda ya fita daga ƙasar. Shi ya sa na ce Rashawan nan sun yi dabara, gwamnatin yankin ta ɗauki nauyin ciro nasu ta ajiye a garinsu.

Dakta na Kazan: Babban ne suka riƙe. Ƙananan kam an yi kasuwarsu, tun makon farko aka cika intanet da talla, na gaske da na bogi, har da masu sayar da tsakuwar bakin titi.

Ɗan Kwari: Dala miliyan 5 kuka ce? Malama, akwai wani baƙin dutse mai nauyi da muke tare ƙofar shago da shi tun zamanin mahaifina. Ya ake ganewa?

Uwar Biyu: Au, yanzu kuma ka yarda duwatsu na faɗowa? 😂

Ɗan Kwari: Hajiya, shakka daban, kasuwa daban.

Malamar Kimiyya: Alhaji fara da maganaɗisu, yawancinsu suna ɗan jan sa. Duba ko yana da siririn baƙin ɓawo da ya bambanta da cikinsa, da wasu lotsattsun wurare a jiki. In ka ga ƙananan ramuka irin na kumfa, to kashin maƙera ne, kuma shi ne mafi yawan abin da mutane ke kawowa. Kada ka fasa shi da guduma, kada ka wanke da omo. Ɗauki hotonsa ta kowane gefe da rana, ka ajiye biro kusa da shi don a ga girmansa, ka turo nan. In ya yi kama, sai ka kai sashen nazarin duwatsu na jami'ar da ta fi kusa da kai su yanki ɗan kaɗan su duba.

Ɗan Kwari: Su yanka? Wa zai biya ni abin da suka yanke?